Zoben Layin Jiddo

Duk lokacin da ƙamshin na'ana'a ya haɗu da warin kananzir a hancina, sai in ji ni a saman gidanmu na unguwar Kurayyat a Jidda, ina durƙushe da tsumma a hannu. Za ka ce wane irin haɗi ne wannan, amma ni a wurina ƙamshin la'asar ne ta yarinta.

Kakana, wanda muke kira Jiddo, ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Sudan kafin iyalinmu su tsallako Jidda. Wata ƙaramar tasha ya riƙe a cikin sahara, kan hanyar Bur Sudan. Da ya zo nan sai ya tarar da gari mai jiragen ruwa da na sama, amma babu layin dogo ko na magani. Wata rana kawuna ya je haraj, kasuwar gwanjo, ya dawo da wani kwali: layin dogo na wasa, taragai, akwatin wuta, da kan jirgi guda biyu, ja da baƙi. Ni da yayana ya saya wa. Kafin mu ankara Jiddo ya naɗa kansa shugaban tasha, mu muka koma leburori.

Saman gidan kuwa lambun kakata ne, Habboba. A tsofaffin gwangwanayen mai da fasassun bokitai take shuka na'ana'a da rihan da yakuwa da kuɓewa, tana shayar da su da ruwan da ke ɗiga daga mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, don ruwan tanka ba abin wasa ba ne. Ta yarda layi ya ratsa lambunta, da sharaɗin duk wanda ya karya mata ganye zai gane kurensa.

In kana zaton jirgi da layi sun isa a yi tafiya, ba ka san Jidda ba. Laimar teku tana sa ƙarfe tsatsa kafin gari ya waye, iska kuma tana zuba yashi a kowace gaɓa. Saboda haka kayan aikinmu na farko tsohon buroshin haƙori ne, sai tsumma da ɗigon kananzir na goge layi. Ranar bazara takan lanƙwasa roba, don haka Jiddo ya huda gindin babban gwangwanin madara, ya binne shi rabi a ƙasa, ya zama rami kuma inuwar da jirgi ke kwana a ciki. Tsakuwar da aka shimfiɗa ƙarƙashin layi, da rariyar Habboba muka tankaɗe ta, abin da bai yi mana daɗi ba da ta gano. Da mariƙan shanya muke ɗage wayoyin wuta daga ƙasa, saboda ruwan hunturu na Jidda ba ya sallama, kuma in ya zo sai ya mai da saman gida tafki. Akwai sigina ta tsinken tsire mai jan ƙyalle, wadda ni kaɗai na iya ɗaga ta ba ta faɗi ba, kuma har yau ina alfahari da hakan.

Amma babba a cikin kayan duka zobe ne na tagulla, na tsohon labule, faɗinsa kamar bakin kofin shayi. Layinmu ɗaya ne, jirage biyu, ni da yayana kuma ba mai haƙuri a cikinmu. Ranar da muka yi taho-mu-gama a kwanar yakuwa, Jiddo bai yi faɗa ba. Washegari ya zo da zoben nan, ya ce haka ake yi a tasharsa: direba ba ya shiga layi sai zobe yana hannunsa, kuma shugaban tasha ne kaɗai ke bayarwa. Kafin ya ba ka sai ya tambaya, “An share layi?” Ka ce an share. In ka gama zagayenka, ka mai da masa abinsa.

Ina ajin ƙarshe na firamare idanun Jiddo suka fara dishi-dishi. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma ganin ya ci gaba da tafiya har ya ɗauke. Tun daga nan ya daina hawa sama. Ya zauna a ɗaki da rediyonsa, ba tsokana, ba dariya, abinci ma sai an yi ta lallashi. Na ji babana yana gaya wa kawuna cewa in ya ci gaba da wannan zaman, ƙafafun ma za su bi idanun. Gaskiya na ji tsoro, don a ganina Jiddo yana ficewa daga gidan ne alhali yana cikinsa.

Rannan ya kira ni, ya lalubo hannuna ya sa mini zoben.

“Ungo, halas, shi ke nan,” in ji shi. “Ku ci gaba da abinku.”

Yarinta mai daɗi. Muka haye sama da gudu, murna kamar an ba mu kyautar Jidda. Habboba tana ba shukarta ruwa, ta dubi hannuna, ta tambayi inda na samo. Da na faɗa mata, sai ta zare wayar akwatin wuta, ta karɓi zoben, ta sauka. Muka bi ta muka laɓe a bakin ƙofa.

“Alhaji,” ta ce, “tun ina amarya a tashar nan taka ban taɓa ganin an ba direba zobe a ɗakin kwana ba. A bakin layi ake bayarwa. In kai za ka karya dokar, sai ka faɗa wa yaran da bakinka.”

Ta ajiye masa a cinya ta fito, ba ta jira amsa ba.

Jirgi ya yi ta kwana a cikin gwangwaninsa. Mu kuwa kullum bayan la'asar muna bakin ƙofar Jiddo, “Yalla Jiddo, taso, layi zai yi tsatsa.” Ya kore mu, mu dawo. Habboba tana ji, tana tsinke ganyen yakuwarta, ko kallo ba mu ishe ta ba. Ana nan, wata Juma'a ya yi tsaki, ya ce in matso. Ya dafa kafaɗata, muka hau matakalar nan a hankali, yana cewa ni direba ce marar birki.

Da ya zauna a kujerarsa ya yi tambayar da ya saba, muka ce an share. Ya miƙa wa yayana zoben, baƙin jirgi ya tashi. Jiddo ya karkata kai yana saurare, can sai ya ɗaga hannu.

“Tsaya. Akwai yashi a kwanar yakuwa.”

Akwai kuwa, kuma wurin aikin yayana ne. Jiddo ya yi dariya har da tari, dariyar da muka daɗe ba mu ji ba. Daga ranar muka ƙara kaya na kunne: ’yar ƙararrawar wuyan mage a taragon ƙarshe, da sillen gwangwani a bakin rami da ke yin ƙas idan jirgi ya wuce. Bai sake fasa hawa sama ba har shekarar da Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu Jidda tana da jirginta na gaske mai gudu zuwa Makka da Madina, wanda Jiddo bai rayu ya ji ƙararsa ba. Ni kuma ina unguwar Waziriyya, layin yana zagaye tukwanen na'ana'ata a tsakar gida. ’Ya’yana da wayar hannu suke tuƙa sabon kan jirgi. Suna jin Hausa su amsa da Larabci, amma “an share” kam da Hausa suke faɗa.

Babana yana tare da mu. Tun da ya bar aiki gwiwoyi suka matsa masa, ya fara son zaman ɗaki. Watan jiya na sa masa zoben a cinya, na zare wayar wuta, na nuna wa yaran ƙofarsa. Jiya bayan la'asar ina goge layi da tsummana, sai na ji ƙarar sandarsa a baranda, ƙaramar ’yata tana gaba yana dafe da kafaɗarta. Ya gyara murya ya ce, “An share layi?”