Jif ɗin Baba Mai Kwanuka

Shekarar da na ajiye aikin malamin gona na koma sayen hatsi, babu abin da ya dame ni kamar rashin abin hawa. Farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin ne, masara ta fara mamaye gonakin Funtua da Bakori, kuma ƙauyukan da nake son shiga tsakanin Malumfashi da Kafur ba a shigarsu da ƙaramar mota idan ruwa ya sauka. Wani abokina direba ne ya ba ni labarin wata jif mai shan gas da za a sayar a Funtua. Ya ce mai ita ya rasu.

Marigayin Bayarabe ne, Musulmi, wanda ya zo Funtua tun yana saurayi. Langa da fanteka da fitilar ƙwai yake bi kasuwannin ƙauye da su, shi ya sa ake ce masa Baba mai kwanuka. Ni ban taɓa ganinsa ba. Babbar 'yarsa ce ta tarbe ni, haifaffiyar Funtua, mai shagon atamfa, Hausarta ta fi tawa daɗin ji. Motar na tsaye a ƙarƙashin wata rumfar kwano, koriya, fentin ya koɗe, kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin hutawa.

Na ce, "Hajiya, kafin na taɓa ta, akwai takardunta?"

Ta shiga ciki ta fito da wata langa mai murfi. Da ta buɗe, sai ga takardun shaidar lafiyar mota an jera su, tsofaffin a ƙasa, sababbin a sama, kowace an maƙala mata ɗan guntun takarda inda ma'aikacin duba motoci ya rubuta abin da ya gani. A wurin aikina na dā ni nake kai motocinmu wannan gwajin, saboda haka na san abin da zan nema. Na zauna a kan benci na baza su a cinyata.

Abin da na fara dubawa shi ne ko akwai shekarar da aka tsallake, domin motar da ta ɓace daga takarda, sau da yawa ko dai ta kife ko ta kwanta a gareji. Babu giɓi. Na bi lambar mita mai ƙirga nisan tafiya, tana hawa a hankali daidai da tafiyar mai bin kasuwanni, ba ta taɓa komawa baya ba. Sai na shiga ƙorafe-ƙorafen. Wata shekara an mayar da ita saboda baƙin hayaƙi, aka dawo da ita ta wuce, alamar an wanke nozul mai fesa wa injin gas. Wata shekara birkin baya. Abin da ya yi ta maimaituwa shi ne wasan sitiyari da tsatsar shasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar, kuma wannan ya gaya mini mota ce mai yawan tsallaka rafi.

Hajiya tana tsaye a kaina, ina ɗaga takarda tana faɗin abin da ta tuna. "Wannan shekarar aka yi fari, bai sayar da komai ba, marasa lafiya ya yi ta kai wa asibitin Malumfashi. Wannan kuma shekarar bikina ce."

Da na zo kan na ƙarshe, sai na ga mitar ta kusan tsayawa cik. Na nuna mata.

Ta ce, "Lokacin ya kwanta ke nan, Malam. Amma ko yana kwance, idan wa'adin takarda ya zo sai ya sa mijina ya kai ta. Ya ce kada ranar da zai miƙe ya tarar ba ta da izinin hawa titi."

Mota mai gas da ta daɗe a tsaye tana da nata ciwon, na san zan canza batir, na wanke tanki, na sake robobi. Na shiga ƙarƙashinta na ƙwanƙwasa shasin, tsatsar ba ta ci ciki ba. Duk abin da takardun suka faɗa, shi na tarar a jikinta. Muka tura ta, ta yi tari, ta kama, da wata irin ƙara mai kaurin gaske wadda ke dukan ƙirjin mutum. Hajiya ta juya ta shige gida, ba ta sake fitowa ba sai da na kashe injin. Mijinta ne ya ƙarasa cinikin da ni.

Akwai abin da ban yi tunaninsa ba. Baba ya daɗe yana jinya, daga baya danginsa suka ɗauke shi zuwa garinsu a kudu, can ya cika, can aka rufe shi. Mutanen Funtua sun ji. Mutanen ƙauyukan da yake bi ba su ji ba.

Ranar da na fara fita da ita, na bar kwalta bayan Malumfashi na kama hanyar burji. Tun kafin na shiga ƙauyen farko na hango mata suna leƙowa ta kan danga, masu noma suna ajiye fartanya suna ɗaga hannu. Wata dattijuwa ta taho da ƙwaryar nono tana murna, tana cewa, "Baba ya warke, Baba ya warke." Da ta iso taga ta ga fuskata sai ta tsaya. Na sauko na gaya mata. Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa ta yi salati, ta zauna a gefen hanya. A ƙauye na gaba ma haka, da na gaba da shi. Na fita neman masara, na wuni ina raba labarin mutuwar mutumin da ban taɓa sani ba, ana yi mini ta'aziyya kamar ni ne ɗansa. Na dawo gida motar babu ko buhu ɗaya, na kasa cin tuwo.

Kujerar direban ma ta lotsa daidai da jikinsa. Ya fi ni gajarta da ƙiba, kuma da alama yana zama a karkace, don kullum sai na ji tana tura ni zuwa ƙofa. A sitiyarin akwai wuri guda da ya sulɓe, inda yake ɗora hannu. Ban san lokacin da hannuna ya koma zama a nan ba.

A hankali labari ya bazu, mutane suka saba da ni, sai mutum ɗaya. A wani ɗan ƙauye kusa da rafi, ta wajen Kafur, akwai wani tsoho, Bafulatanin da ya daɗe da barin kiwo ya zauna noma. Idanunsa sun tafi, tsufa kuma ya fara taɓa hankalinsa. Kullum yana kan buzu a gindin wata tsamiya a ƙofar gidansa. Shi da Baba aminai ne, a nan Baba yake tsayawa ya yi sallar azahar duk ranar kasuwa. Da ya ji ƙarar injin tun daga tsallaken rafi, sai ya dafa sanda ya miƙe.

"Bayarabe! Ashe kana duniya?"

Na durƙusa a gabansa na ce, "Baffa, ba shi ba ne. Allah ya yi masa rasuwa. Ni na sayi motar."

Ya yi kuka irin na tsofaffi, babu sauti, hawaye kawai na bin gemu. Na zauna da shi har ya lafa.

Mako ya zagayo na sake biyowa. Ya miƙe, ya kira ni da sunan nan, da murnar nan. Ya manta. Na sake gaya masa, ya sake yin kukan, sabo fil kamar yau ya fara ji. Da aka yi haka sau da dama, sai babban ɗansa ya ja ni gefe.

Ya ce, "Malam, don Allah ka taimake mu. Duk ranar da ka gaya masa, ba ya cin abinci. Idan ya kira, ka amsa gaisuwa kawai. Ba mu ce ka yi ƙarya ba."

Na so na canza hanya, amma babu wata mashiga a rafin sai ta nan, kuma ko na kashe injin na gangara, dole na tayar kafin na hau tudun gidansa. Sai na bi maganar ɗan. Idan ya ce Bayarabe, na ce, "Ina wuni, Baffa." Ya kama hannuna da hannayensa biyu ya zaunar da ni a gefen buzun. Shi yake yin maganar duka. Ya tambayi 'yata mai atamfa, na ce tana lafiya, wanda gaskiya ne. Ya yi mini tsiyar cewa har yanzu ban iya shan fura da yaji ba. Wani lokaci ya shafa tafin hannuna ya ce ciwon nan ya ramar da ni, har muryata ta sauya. Ni dai sai na ce, "Haka ne." Idan na koma mota, nakan daɗe riƙe da makulli ban murɗa ba, ina jin kamar akwai wanda ya riga ni zama a kujerar.

Haka muka yi damina guda. Gab da kaka, wata ranar kasuwa, na iso ban same shi a gindin tsamiya ba. Ɗan ya ce yana ciki, jiki ya yi nauyi, amma ya ji motar kuma yana kira. Na shiga ɗakin. Rana tsaka ce, amma ciki da duhu da warin hayaƙin kara. Ya lalubo hannuna.

Ya ce, "Bayarabe, tafiya ta zo. Abin nan da ya shiga tsakaninmu shekarar fari, ka san shi, na san shi. Ba mu taɓa tayar da maganar ba. Ka yafe mini."

Na ɗaga kai na dubi ɗan. Ya girgiza kai a hankali, shi ma bai san ko mene ne ba. Tsohon ya ƙara matse hannuna yana jira. Ban san girman abin ba, ban san ko marigayin ya riƙe shi a zuciya ko ya manta da shi tuntuni ba. Haƙƙin ba nawa ba ne. Amma numfashinsa na fita da ƙyar, fuskarsa kuma na fuskantar tawa.

Na ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Baffa."

Ya ce, "A'a. Kai nake tambaya."

Na ce, "Na yafe."

Ya saki hannuna ya ce shi ma ya yafe mini, ya juya ga bango. Kafin kasuwa ta sake zagayowa aka rufe shi a bayan gonarsa.

Na tambayi wani malami a Malumfashi ko abin da na faɗa ya isa inda aka nufa da shi. Ya ce wannan sai Allah, na dai riƙa sa su biyun a addu'a. Na ci gaba da bin hanyar har shekarun da aka yi gada a wani wuri daban. Duk lokacin da na hau tudun nan, ƙafata takan sauka daga kan totur da kanta, na wuce tsamiyar a hankali, ina kallon gabana.