Farin Layi a Ƙafar Malam Haruna

Cikin ranakun aikina, wadda ta ƙi fita raina har yau ita ce ranar da aka kawo Malam Haruna a amalanken shanu. Lokacin ina riƙe da wani ƙaramin asibitin karkara a yankin Fagam, can cikin Gwaram. Muƙamina jami'in lafiyar al'umma ne, wato ƙasa da likita nesa ba kusa ba, amma mutanen gari Likita suke ce mini. Na gyara musu har na gaji, na bari. A takarda muna da yawa a wurin. A zahiri kuwa, ni ne mai duba marar lafiya, ni ne mai allura, wani lokacin har shara ni nake yi.

Kaka ce, ana cirar gyaɗa ana yankan riɗi. Ku da kuka fara aiki a birni ba lallai ku san kaka a wajenmu ba. Zazzaɓin damina bai gama tafiya ba, baranda cike da mata da 'ya'yansu, ga kuma manoma suna ta cusa hannu da ƙafa cikin ciyawa inda kububuwa take kwance.

Akwai wani abu da ba ya rabuwa da aljihun rigata a shekarun nan, fensirin maiƙo. Wasunku ba su taɓa ganinsa ba. Ba katako ne da shi ba, takarda aka naɗe shi da ita, da ɗan zare a gefe. In bakin ya cinye sai ka ja zaren ka ɓare takardar. Cikinsa kamar kakin zuma yake. Amfaninsa shi ne yana kama abin da biro ba ya kamawa. Guda biyu gare ni, ja da fari. Da jan nake rubuta suna a jikin kwalbar jini da gilashin gwajin zazzaɓi, da shi nake sa alama a kwalbar ƙarin ruwa don in san inda ruwan ya kai. Farin kuma na fatar mutum ne, don ko da gumi a jiki yana fitowa raɗau.

Da hantsi suka iso. Malam Haruna magidanci ne, bai tsufa ba, maciji ya sare shi a saman tafin ƙafar dama tun da sassafe. Tare da shi akwai matarsa Sa'ade da ƙanen mahaifinsa, Baffa Jibo, wanda shi ne babba a gidan. An ɗaure ƙwaurin da tsumma tamau, an tsaga wurin da reza an shafa wani baƙin gari.

Baffa Jibo ya ce, "Likita, allurar kashe zafi kawai za ka yi masa mu koma. Maganin maciji muna da shi a gida tun kakanni. An ma ba shi ya sha."

Na ce, "To Baba, a bar ni in duba tukuna."

Na sassauta ɗaurin a hankali, na wanke wurin. Kumburin ya riga ya wuce idon sawu. Na ɗauko farin fensir na zagaye daidai inda kumburin ya tsaya, na rubuta lokaci a gefe. Ƙa'idar aikin ke nan: ido yana ruɗin mutum, amma in ka ja layi ka dawo ka tarar kumburi ya tsallake shi, ka san dafi yana tafiya. Sannan na ɗebi jini na zuba a busasshiyar kwalbar gilashi, na rubuta sunansa da ja, na ajiye. Jinin mai lafiya in ya yi kamar minti ashirin a kwalba daskarewa yake yi. Da na dawo na karkata ta Malam Haruna, sai jinin ya gangaro kamar ruwan zoɓo.

Na fita bayan ɗaki inda waya take kamawa, na kira shugabana.

"Ranka ya daɗe, saran kububuwa gare ni, jini ba ya daskarewa."

Ya ce, "Malam Usaini, ka san maganin dafi ba a ajiye shi a ƙananan wurare irin naka. Ka tura shi Birnin Kudu yanzu."

"Mutanensa ba su yarda ba."

Ya ce, "To ka lallashe su. Ni daga nan me zan iya?"

Gaskiyarsa ne. Ba mu da ikon ɗaukar mutum da ƙarfi. Sai danginsa sun amince.

Na nuna wa Baffa Jibo kwalbar. Ya dube ta sama-sama, ya ce jinin mai zafin jiki ne, kuma shi bai taɓa ganin wanda aka kai birni da saran maciji ya dawo da ƙafarsa ba. Da ƙyar na samu ya yarda su zauna zuwa la'asar, in ya so su tafi. Ya fita ya shimfiɗa buzunsa a gindin darbejiya.

A baranda kuwa wata yarinya ta fara jijjiga, uwarta tana ihu. Ba yadda zan raba kaina biyu. Na miƙa wa Sa'ade farin fensirin, na kama yatsanta na ɗora a ƙafar mijinta.

"Kin ji nan da tauri, nan kuma da laushi? Inda taurin ya ƙare, nan za ki ja layi. Duk sanda kika ga inuwar ƙofar nan ta matsa, ki sake taɓawa ki ja wani."

Ta ce, "Likita, ni ban yi boko ba."

Na ce, "Ba rubutu ba ne. Kamar zanen ƙwarya ne."

Na shiga hidimar yarinyar da sauran masu jira, ban sake leƙowa sosai ba sai bayan azahar. Na duba ƙafar Malam Haruna. Fararen layuka sun jeru a ƙwaurinsa kamar matakalar tsani, wasu a karkace, na ƙarshe ya haye gwiwa. Da na buɗe bakinsa, dasashinsa yana tsattsafo da jini.

Kafin in ce komai Baffa Jibo ya shigo, ya ce a ɗaura shanu, zaman ya isa. Na sake yi masa bayani, muryata har ta dushe. Bai ko dube ni ba.

Kun san yadda matar ɗa take da surukinta a ƙauye. Ko ido ba ta haɗawa da shi. Sa'ade ta durƙusa har ƙasa, kanta a sunkuye, ta yaye zanen da aka rufe ƙafar da shi.

"Baffa, a gafarce ni. Wannan na ƙasa Likita ne ya ja. Sauran duk ni na ja da hannuna. Wannan sanda aka kira salla. Wannan sanda kuka idar." Ta ɗora yatsa a cinyarsa, sama da layin ƙarshe. "Yanzu kuma ga inda yake."

Tsohon ya daɗe yana kallo. Ya sunkuya ya danna wurin da babban yatsansa, Malam Haruna ya yi nishi. Sai ya miƙe ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "A nemo mota."

Motar kasuwa muka samu, aka sauke buhunan riɗi aka shimfiɗa tabarma. Na ba matan baranda haƙuri, na kulle asibiti na bi su, ina riƙe da kwalbar ƙarin ruwa a sama hanya tana jijjiga mu. A Birnin Kudu likitan da ya karɓe mu ya dubi layukan, ya dubi kwalbar jinin da na riƙo, bai ɓata lokaci da tambaya ba ya sa aka ɗaura maganin dafi. Washegari da safe na koma Fagam, na tarar da baranda cike kamar ban taɓa sallamar kowa ba. Wata ma ta yi mini faɗa, ta ce jiya ta yi tattaki a banza.

Malam Haruna ya rayu. Ciwon ƙafar ya daɗe bai warke ba, kuma har na bar garin yana ɗan ɗingishi. Da ya samu sauƙi, ranar kasuwa na ji Baffa Jibo a rumfar mai shayi yana ba da labari, wai maganin gidansu ne ya riƙe dafin, na birni ƙarasawa kawai ya yi. Ya hango ni ya ce, "Ko ba haka ba, Likita?"

Na ce, "Allah ne ya yi, Baba." Na sha shayina na tashi. Ba ni da ƙarfin gardama, kuma na san wata kakar zan sake buƙatar ya yarda da ni.

Abin da nake so ku riƙe ke nan, ku masu tafiya karkara. Yawancin abin da zai zo muku ya fi ƙarfin abin da ke cikin kabad ɗinku. Aikinku shi ne ku gane haka da wuri, ku kuma sa mutane su gani da idonsu, don bakinku kaɗai ba ya isa. In an dace, kada ku tsaya jiran a ce ku ne. Ku wanke hannu ku kira na gaba.