Saifar Na'Allah Ɗan Tauri

Duk wanda ya yi fatauci tsakanin Isa da Maraɗi a shekarun da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama ya san Na'Allah ɗan tauri, in bai san fuskarsa ba ya ji labarin ɓarnarsa. Haifaffen Tsamaye ne, Bagobiri da zanensa har kunne, gajere, kakkaura, ga zafin rai kamar an aiko shi. Noma bai taɓa damunsa ba. Aikinsa rakiyar fatake: su ɗaura wa jakuna goro da turmin atamfa, shi kuma ya shige gaba da adda a kafaɗa har su tsallaka ƙasar Faransi.

Amma fa ba haka ya taso ba. Yana yaro zazzaɓi ya mai da shi abin wasa, kowace damina sai ya kwantar da shi, har saifarsa ta kumbura ta sauko ƙasan haƙarƙarin hagu. Wanzami ya yi masa tsaga a wurin, aka shafa magani, saifa ta ce ba inda za ta. Yara suna kiransa mai tulu, suna dungurinsa su gudu. Wannan baƙin cikin ne ya kai shi hannun Sodangi, sarkin 'yan taurin Sabon Birni, wanda ya dafa shi da jiƙo da turare har wuƙa ta daina kama fatarsa. Sodangi ya gaya masa tun ran farko cewa maganin yana da makari, kuma wanda ya sha makarin ya fita daga tauri ke nan har abada. Na'Allah ya yi dariya, ya ce a ajiye wa matsorata.

Daga nan sai abin ya zama masifa. Wata rana 'yan fashi suka tare ayarinsu a dajin kan iyaka, suka rufe shi da sara. Ya tsaya ƙiƙam suna sara har hannunsu ya gaji, sannan ya kama na gaba ya karya masa muƙamuƙi da ƙotar adda, ya ciji kunnen na biyu ya tofar a ƙasa, sauran suka ranta a na kare. Ya dawo Isa da jini har gwiwar hannu, ba ɗigo ɗaya nasa. Makaɗa suka yi masa kirari: Na'Allah gagara ƙarfe, dutsen Tsamaye! Shi kuwa in ya ji wannan kirari, wallahi ko uwarsa ba ya ganewa.

Mutum ɗaya ce ba ta tsoronsa, matarsa Larai, mai sai da daddawa a kasuwar Isa, inda suka zauna bayan aure. Ita ce take gasa masa gefen cikin da ruwan zafi duk lokacin da zazzaɓin ya waiwayo shi, don har ya girma bai rabu da shi ba. Takan ce, "Kai dai hwata ce anka dahwa maka, ciki ɗanye shi ke." Ya harare ta, ta harare shi, a bar zancen.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, da kaka, an cika ana awon gyaɗa. 'Yan taurin garin Kurawa suka zo wasa da gangarsu, cikinsu akwai Gwadabe, wani dogo da ya daɗe yana jin haushin sunan Na'Allah. Aka buɗe fili da hantsi. Na'Allah ya tuɓe riga, ya buɗe hannuwa, ya ce kowa ya zo ya gwada. Gwadabe ya zare wuƙa ya daɓa masa a ƙirji, ya ja ta a wuya, ya sake daɓawa, wuƙar ta lanƙwashe. Kasuwa ta ɗauki sowa. Na'Allah ya karɓe wuƙar ya jefa masa a ƙafa, ya ce ya kai wa matarsa ta yanka kuɓewa.

Kunya mugun abu ce. Gwadabe ya waiga, ya fizge taɓarya a hannun wata mai dakan fura, ya ɗaga da hannu biyu ya zabga masa a gefen hagu. Tim! Na'Allah ya ji wani abu ya fashe a cikinsa kamar an taka ƙwai. Ya durƙusa, ya miƙe, ya cafki Gwadabe ya haɗa kansa da turmi har haƙora suka zube, da ƙyar dogarai suka ɓamɓare shi. 'Yan'uwan Na'Allah na tauri suka kewaye shi suna duba gefen cikin. Ko ƙwarzane babu. Suka ɗaga shi sama suna ihu, magani ya yi aiki, magani ya yi aiki!

Kafin azahar sai ga shi zaune a bayan rumfar Larai, gumi mai sanyi yana keto masa, yana ta neman ruwa. Ya sha, ƙishirwa ta ƙaru. Da ya yunƙura zai tashi sai kasuwar ta juya masa, ya faɗi kan tabarmar daddawa. Larai ba ta tsaya shawara da kowa ba, ta sa 'yan dako suka ɗauke shi zuwa ɗakin shan magani na En'e da ke bakin kasuwa.

Malamin asibitin, Malam Alhassan, tsohon soja ne da ya yi jinyar masu rauni a wurin yaƙi. Ya ja fatar idon Na'Allah ƙasa, ya ga fari fat. Ya kama wuyan hannunsa, jijiya tana gudu da sauri, siririya kamar zare. Ya taɓa cikin, ya ji shi tauri kamar katako.

Ya ce, "Ina ka maka ciwo?"

Na'Allah ya ce, "Kahwaɗa, Malam. Ta hagu. Ko bugunta ba a yi ba."

Malam Alhassan ya girgiza kai. Ya ce, "Ba kahwaɗa ba ce. Saihwarka ta hwashe, jini shina zuba cikin cikinka, shi ka taɓa ka har kana jin shi a kahwaɗa. Saihwar da zazzaɓi ya kumbura ba ta da ƙwari, bugu guda ya ishe ta. Ƙishirwag ga da sanyin hannu, duk jinin da kake rasawa ne. Ni ba ni da maganin wanga. Sai likita ya tsaga ciki ya ɗaure jijiya ya hidda saihwar. Ga motar gyaɗa nan za ta Ƙaura, na roƙi direba ya wuce da kai Gusau. Kuma kada a sake ba ka ruwa."

'Yan tauri da suka cika ƙofa suka kwashe da dariya. Wani ya ce, wace wuƙar likita? Ta Bature ko ta aljani? Jikin da ya lanƙwasa wuƙar Gwadabe ɗazu?

Na'Allah bai yi dariya ba. Yana jin cikin yana cika, yana jin ƙafafunsa suna nisa da shi. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda rabonsa da shi tun yana mai tulu. Yana son ransa, wallahi yana so. Ya yafito Larai, ya raɗa mata a kunne, "Tai wurin Baba Sodangi, shina rumhwar maƙera. Ki ce ya ba ki makari, a ɓoye."

Larai ta fita da gudu, ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba. Direba ya kawo mota ƙofa, ya bar inji yana kuka.

Kaico, da tsohon nan ya yi abin da aka roƙe shi! Amma Sodangi ya ce tauri ba a ɓoye ake shigarsa ba, ba kuwa a ɓoye za a fita ba. Ya taho da kansa da ƙoƙo a hannu, makaɗi a bayansa, rabin kasuwa a bayan makaɗi. Ya sa aka fito da Na'Allah aka jingine shi a jikin bango, a gaban 'yan Kurawa da 'yan Sabon Birni da fataken da ya sha raka wa.

Ya ce, "Ga shi, ɗana. Ba ni hana ka. In za ka sha, sha gaban 'yan'uwanka, kowa ya shaida."

Malam Alhassan ya ce, "Ai kurɓa guda ce, a ba shi in shi ka sa ya shiga mota. Lokaci na ƙurewa!"

Larai ta durƙusa, ta riƙe masa gindin ƙoƙon. Ta ce, "Sha, maigida. Don Allah, don Annabi, sha. Ni na ji, na yarda, ka zauna gida ka yi noma, ba ni gori."

Ya kai ƙoƙon baki. Ruwa ne mai sanyi, ga harshensa ya bushe kamar fata. Sai wani ɗan Kurawa ya yi tsaki daga baya, ya ce ashe dutsen na yumɓu ne. Makaɗi kuwa, Allah wadan wannan makaɗi, ya ga fili ya yi shiru sai ya saki ganga, ya wage murya: Na'Allah gagara ƙarfe!

Na'Allah ya ɗago ido. Duhu-duhu yake gani, amma ya ga fuskokin, duk sun zuba masa ido. Ya janye ƙoƙon daga hannun Larai, ya kifar da shi a ƙasa.

Wurin ya kaure da ihu, wuƙaƙe suka tashi sama, wasu har suna yankan harshensu don murna. Larai ta yi kan makaɗin, ta fizge sandar kiɗan ta karya, ta yakushe masa fuska har jini, sai da mata suka riƙe ta. Malam Alhassan ya roƙa, ya yi zagi, ya ce a ɗauke shi da ƙarfi, 'yan tauri suka tare ƙofar mota da addunansu. Direba ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya ja motarsa ya kama hanyar Ƙaura ta Shinkafi.

Na'Allah yana jin ƙarar motar har ta ɓace. Masu ihu suka bi Sodangi suka koma fili don a ci gaba da wasa, aka bar shi da matarsa da malamin asibiti. Ana kiran la'asar ya motsa leɓe, Larai ta sunkuya.

Ya ce, "Motar ta tai?"

Ta ce, "Ta tai."

Hawaye yana bin zanen fuskarsa. Can ya ce, "To ba ni ruwa."

Larai ta dubi Malam Alhassan. Malam ya kau da kai, ya ce ta ba shi, ya sha iya son ransa. Ta ɗebo a moɗa, ta tallafo kansa a cinyarta, amma bai kai ga shanye rabi ba rai ya yi halinsa.