Telan da ya raina ɗinkina

Ko gigin tsufa ya kama ni na manta sunan jikokina, ba na jin zan manta ranar da na fara ɗinke fatar ɗan Adam.

Lokacin ina lakwal, makarantar aikin jinya, aka tura ni sitaj, wato koyon aiki a aikace, wani ƙaramin asibiti da ke bakin titi wajen Tsarnawa. Shugaban wurin, wanda kowa ke kira manjo, tsohon soja ne, dariyarsa sai an yi sa'a. Sati uku ya ɗaure ni da ƙafar saniya. Kowace safiya a karɓo ta wajen mahauta, ya tsaga ta da reza, ya ce in ɗinke. Na ɗinke ƙafar saniya har na soma jin ƙyamar ganda. Da yake saniyar ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai na ɗauka na gama ƙwarewa.

Wata ranar kasuwa da hantsi aka shigo da wani dattijo, hannunsa na dama naɗe da rawani, jini na ɗiga. Kabu-kabun da ya ɗauko shi ne ya yi karo da amalanken jaki, madubin babur ya fashe ya yanke shi ƙasa da gwiwar hannu. Jakin, in ji masu rakiya, ko kallonsu bai yi ba. Manjo ya duba, ya sa dattijon ya motsa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, sai ga kira daga ɗakin haihuwa. Ya ce mini, "Yi mishi allurar kashe zafi, ki wanke ciwon sosai, ki jira ni."

Na ji allura, na ji wanki. Jiran ne ya shige ta wannan kunne ya fita ta wancan. Na ɗan watsa ruwan magani sama-sama, na goge da auduga, na ɗauko allura da zare ina ayyana yadda manjo zai dawo ya tarar da aiki a gama.

Ashe mutumin tela ne, shekara arba'in yana kan keke. Maimakon ya kau da kai kamar sauran mutane, sai ya ciro tabarau da hannun hagu ya maƙala, ya sunkuyo.

"Ɗiyata, wa ya koya miki ɗinki?"

"A lakwal, Baba."

"To, lakwal ɗin ga ta cuce ki. Wanga tazara fa? Buhun hatsi kike ɗinki?"

Na yi kamar ban ji ba. Na yi ɗinki na biyu, ya ce ya karkace. Na yi na uku, ya ce ƙullin ya yi kan ɗan akuya. Masu rakiya da ke leƙe ta taga suka kama dariya. Zufa ta jiƙa mini kallabi. A raina na ce ina ma allurar a baki na yi masa.

A na huɗu ne ya daina wasa. Ya ce, "Tsaya. Kin ga wurin ga ya ƙi kwanciya? Yadi in ya yi tudu, akwai abin da ke ƙarƙashinai. Kuma duk kinka ja zare, ina jin wani abu na sukata can ciki."

Na ce masa kumburi ne kawai, kuma shi ɗinkinsa na riga daban, nawa daban. Har yau in na tuna irin muryar da na faɗi wannan magana, sai in ji kunya ta rufe ni. Na ƙarasa guda shida, na ja baya ina kallonsu kamar wadda ta gina bene.

Manjo ya shigo yana goge hannu. Bai kalle ni ba, ya tambayi dattijon yadda yake ji. Tela ya maimaita abin da ya faɗa mini, har da ƙarin bayani a kan ƙulli. Manjo ya sa safar hannu, ya danna gefen tudun a hankali, dattijon ya zabura. Sai ya miƙo mini almakashi ya ce, "Warware."

Na warware su ɗaya bayan ɗaya, tela na ƙirgawa da ƙarfi. Manjo ya ƙara allura, ya buɗe ciwon, ya sa na yi ta ɗura ruwan magani har hannuna ya gaji. Sannan ya sa hantsaki ya zaro ɓallin madubi kamar farcen ɗan yatsa, da tsakuwa biyu. Ya ajiye su cikin tasa, ƙarar ta cika ɗakin. Ya nuna mini yadda gilashin ya kwanta dab da jijiyar da ke motsa yatsu. Da an bar shi, ciwon ya ruɓa ta ciki, ko jijiyar ta tsinke, kuma wannan hannun shi ke ciyar da gida guda.

Na zata korata zai yi. Sai ya ce, "Sake. Baba, kai za ka duba ta."

Haka aka yi. Soja a dama, tela a hagu, ni a tsakiya. Manjo na faɗin zurfi, tela na faɗin tazara, har suka ɗan yi gardama a kan ɗinki na biyar, tela ya yi nasara. Aka yi wa tela allurar rigakafin tetanos, aka naɗe hannun, ya tafi yana girgiza kai.

Bayan kwana goma ya dawo cire zare. Ciwon ya haɗe lafiya lau, yatsu na aiki. Ya daɗe yana juya hannun a hasken taga, sannan ya ce, "Ba laifi. Ana iya ba ki aljihu. Wuyan riga kam, sai an ƙara shekaru."

Ban taɓa samun takardar shaida da ta faranta mini rai kamar wannan magana ba. Daga ranar na san ɗinki shi ne aikin ƙarshe, kuma mafi sauƙi. Kafin ka rufe ciwo ka tabbata ba abin da ka rufe a ciki, kuma in mai jiki ya ce akwai abu, to akwai, ko da ya faro da raina maka wayo.