Dutsen Maman Ƙauna

Baba Josiah ya yi shekaru yana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta a Greensboro, a Amurka. Da ya yi ritaya sai suka koma Pleasant Garden shi da matarsa Yemima. 'Yarsu Ƙauna ce ta haɗa shi da wasu masu aikin sa kai da ake turo wa hotunan sararin samaniya ta intanet. Aikin ba wuya, haƙuri kawai yake so. A jera hotunan wuri ɗaya, a yi ta kallo har a ga ɗigon da ya gusa. Taurari ba sa gusawa a hoton. Abin da ya gusa dutse ne, irin waɗanda ke zagaya rana tsakanin Mars da Jupiter.

Bayan karin kumallo yakan zauna gaban kwamfuta, Yemima na gefensa tana ɓarar agushi. Idonta ya fi nasa. Ita ce wata safiya ta ɗora yatsa a kan gilashin ta ce wancan ɗigon ya yi tafiya. Ya aika rahoto, aka ce sabon dutse ne, amma sai an bi shi shekaru an tabbatar da hanyar da yake bi, sannan a ba wanda ya gano shi damar raɗa masa suna. Yemima ba ta ga ranar ba, ciwon ƙoda ya riga ya ɗauke ta.

Ni 'yar cocinsu ce, ni nake ɗaukarsa zuwa coci tun rasuwarta. Ranar da saƙon izinin raɗa sunan ya zo, a mota ya gaya mini sunanta yake so a sa, yana maganar yana kallon taga. Amma Baba mutumin da ne. A garinsu ba a raɗa suna a ɗaki, sai an kai wa manya. Haka ya kai maganar gaban zumuntar maza, a shagon da muke sujada a Gate City Boulevard.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mutanen nan da suka yi ta yi masa dariya suna kiransa Baba Tauraro, su ne suka ɗinka anko, aka soya kaji kamar an yi haihuwa. Shugabansu Nicodemus, wanda a tsaye ya yi ta'aziyyar Yemima don yana sauri, ya miƙe da maiƙo a baki.

"Baba, wannan achievement ɗin na community ne, ba na mutum ɗaya ba."

Daga nan aka kaure da gardama. Wani mai suna Eric ya ce a sa sunan garinsu, wani ya ce na ƙabilarsu, wani ya kawo na kakansa da ya yi aikin jirgin ƙasa. Ni ina gefe ina raba musu shinkafa. Babu wanda bai san wace ce ta ga ɗigon nan ba.

Can da suka gaji aka tuna da mai abu, aka ce ya yi magana. Ya miƙe riƙe da hularsa. Tun da ya auri Yemima bai taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba, Maman Ƙauna yake cewa, yadda ya ga ubansa na yi. Ya bi fuskokinsu da ido ɗaya bayan ɗaya, suna ta tauna ƙashi. Sai ya ce duk abin da manya suka yanke daidai ne, ya zauna.

Suka yanke sunan zumuntarsu. Ya aika, aka karɓa, kuma sunan irin wannan dutse in an sa ba a canzawa.

A hanyar gida ban iya yin shiru ba, na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa?"

Sai da muka wuce fitilar hanya ya amsa.

"'Yata, na zaci ɗayansu zai faɗi sunanta a madadina. Ai don haka ake kai wa manya."