Wurin Mutum Ɗaya a Hagu

Duk Lahadi, ranar hutun matan ƙasar Moldova masu jinyar tsofaffi a gidajen Padova ta Italiya, Ornella kan zo bakin tasha inda suke taruwa. Ta daɗe a jami'a tana bincike kan abin da take kira kasuwar kula da tsofaffi. Yau wata mata ce ta ɗauke mata hankali.

Kakkaura ce, ta ba hamsin baya, tana jan akwati da hannun dama. Na hagun kuwa a lanƙwashe yake, kamar wani ya saƙalo nasa a ciki. Sannu-sannu take tafiya, alhali ƙafarta lafiya lau. Da ta iso bakin titi sai ta tsaya, ta karkata kai.

"A hankali, Baba, ga tudu," ta ce, ba kowa a gefenta.

Wata daga kan benci ta ƙwala mata kira: "Ke Zinaida! Saurayi kika yi da ba ma iya gani?"

"Tsohon da nake jinya ne," in ji Zinaida. "Jiya aka binne shi. 'Ya'yansa sun ce in ba su ɗakin."

Dariya ta ɗauke ɗif. Ornella na ayyanawa a ranta, wataƙila shekaru matar ta yi tana tafiya da saurin wani, wataƙila tata uwar na can ƙauye a Moldova ba mai riƙe ta. A rubuce-rubucenta, wannan shi take kira ma'aikaciya ta dawo kasuwa. Yau kalmar ta yi mata ɗaci a baki.

Matar ta zauna, ta bar wurin mutum ɗaya a hagunta. Bencin a cushe yake, amma ba wadda ta matsa ciki.