Hamisu Ungozomar Kifi

Ku da kuka zauna Guangzhou a ƙarshen shekarun casa'in kun san ba a kai wa Hamisu Yawuri kifi ya ci kai tsaye. Sai ya fara buɗe cikin. In ya ga ƙwai, ya yi salati, ya ture kwanon, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar mu muka kashe masa ƙanwa.

"Gari guda kuka soya," in ji shi. "Ku ci, Allah na gani."

Ni jakunkuna nake sara a Shiling. Shi karatun kifi ya kawo shi, kuma duk kifin China, sai ya zaɓi wanda ke ƙarewa: wani mai zama a teku, da damina ya hauro kogi ya zuba ƙwai. An hana kamun kifi a wannan yankin kogin, shi kuma aikinsa ya tace ruwan da raga mai laushi ya ga ko kifayen sun haihu. In bai ga ƙwai ba, babu digiri. Muka sa masa Ungozoma.

Sau ɗaya na bi shi, ban ƙara ba. Tafiya kamar za mu Madina a ƙasa! Muna shiga kwalekwale ya ce, "Alhaji, rage murya, mai jego ba ta son hayaniya. Kuma wannan turaren naka ko kada ya ji sai ya yi ƙaura." Muka wuni muna jan raga. Leda, robar ruwa, takalmi wari guda. Tsohon da ke tuƙa mu ya girgiza kai ya ce, "Meyo." Wato babu.

Hamisu ya ce, "Gaya masa ba babu ba ne. Ba su iso ba."

"Ni zan gaya masa? Kai ke jin yarensu!"

"Ina fushi da shi."

Damina ta biyu ma ba su iso ba. Malaminsa ya tausaya masa, ya ce ya koma kan karfasar tafki ya gama ya tafi gida, ga tsohuwarsa tana ta aiko kaset tana kuka. Muka taru muna lallashi.

"Kifin da ake kai wa abinci safe da yamma?" in ji shi. "Wannan ai kaza ce. Ban zo China karatun kaji ba."

A damina ta uku ya bi kogin sama, ya ga dam ɗin da aka gina ya tare hanyar gaba ɗaya. Ya dawo masaukinmu na Huanshi Lu, ya shimfiɗa tabarma, ya zauna zaman makoki. Jama'a suka cika ɗakin, da yawa sun ɗauka tsohuwarsa ce ta rasu. Alhaji Sani Damagaram har ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a, sannan ya ce, "Malam, wa ya rasu?"

"Zuri'a guda. Ko jika ba su bari ba."

Da Alhaji Sani ya gane kifi ne, ya miƙe: "Kai, maido mini addu'ata!"

"Bar musu, Alhaji. Duk duniya kai kaɗai ka yi musu."

Muka yi dariya har da riƙe ciki. Shi bai yi ba. Bayan kwana ukun makokin ya ɗaure kayansa ya koma Yawuri, babu digirin. Bara ya rasu a can.

Allah ya jiƙan Hamisu. Yadda ya tausaya wa abin da ba ya iya kuka, Allah ka tausaya masa. Amin.